Ba kowane ciwon ƙirji ne olsa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu ja hankalin Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato da 'yan uwanmu ma'aikatan lafiya a kan majinyacin da ake shigowa da shi dafe da ƙirji, gumi na tsattsafo masa.

Sau da yawa akan ce olsa ce, a ba shi maganin sha a sallame shi, alhali jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya ce ta toshe. Irin wannan ciwo nauyi yake yi kamar an ɗora wa mutum dutse, yakan haura wuya ko muƙamuƙi ko ya gangara hannun hagu. Mai ciwon suga da tsoho da mace kuwa, wani sa'in haki da kasala da amai kawai za su kawo.

Matakin farko shi ne awon zuciya na ECG, cikin minti 10 da isowarsa. Idan takardar ta nuna babbar jijiya ta toshe, ba a jiran sakamakon jini. A ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, muddin ba ya zubar da jini kuma jikinsa bai ƙi maganin ba, a tura shi babban asibiti nan take. Allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar a sa'o'in farko take da ƙarfi, bayan awa 12 amfaninta ya ragu ƙwarai.

Gwajin jini na gaggawa yana shigowa ne inda ECG bai faɗi komai ba. Abin da ake nema sunansa turoponin, sinadari ne da ke cikin tsokar zuciya, sai ta ji rauni yake tsiyayowa cikin jini. Ƙaramar na'ura tana ba da amsa cikin minti 10 zuwa 20. To, a nan haɗarin yake. Mun saba da tsinken gwajin maleriya, layi ɗaya ya fito a ce babu. Turoponin ba haka yake ba, yana ɗaukar sa'o'i kafin ya taru a jini. Wanda ciwonsa ya fara awa ɗaya da ta wuce zai iya fitowa "lafiya lau" zuciyarsa kuwa tana mutuwa. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: yaushe ciwon ya fara? In bai duba agogo ba, a tambaye shi kafin azahar ne ko bayan la'asar, a rubuta a katinsa. Da tsinken gwaji na gama-gari, sai an sake awo bayan awa 6 da fara ciwon. Na'urori masu kaifin ganowa ne kaɗai ke yarda a sake bayan awa 1 ko 2. Kafin nan majinyaci yana kwance ƙarƙashin kulawa, ana maimaita ECG.

Hawan turoponin ma ba kullum toshewar jijiya yake nufi ba. Ciwon ƙoda, gazawar zuciya (har irin ta masu jego da muke yawan gani a nan arewa), gudan jini a huhu da cutar da ta bazu a jini duk suna ɗaga shi, kuma bayan toshewar jijiya yakan zauna a sama kwana 10 zuwa 14. Bambancin awo na farko da na biyu ake dubawa.

Sai zafin garinmu. A watan Afrilu yakan zarce digiri 40, yawancin kayan gwajin kuwa firji suke so, tsakanin digiri 2 da 8, masu juriyar ma ba su wuce 30. Kwalin da ya yini a kanta ƙarƙashin rufin kwano amsar ƙarya zai bayar. Haka jinin da ya farfashe wajen ɗiba, ko tsinken da aka karanta bayan lokacinsa ya wuce.

Roƙonmu shi ne a fara da ECG a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma cikin 23, sannan turoponin da firji mai aiki da hasken rana. A horar da nas-nas da jami'an lafiya, a kuma ware lambar waya da mai aikin dare a Isa ko Kebbe zai tura hoton ECG ga likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya ji abin yi tun kafin motar asibiti ta kama hanya.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya, Sakkwato