Yara biyu a kan injin ruwa ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da iyaye, da malamai 'yan'uwana, da masu koya wa yara sana'a a shaguna da gareji. Ni malamin aikin lantarki ne a wata makarantar fasaha a nan Gombe. Da yamma kuma ina zama a shagona ina naɗin waya: fanka, janareta, injin markaɗe, injin ruwa, duk abin da ya ƙone aka kawo.

Makon jiya na raba wa 'yan aji biyu allunan gwaji, na ce kowa ya haɗa mini ƙwai ɗaya da makunni biyu, irin wanda ake sawa a bene, a kunna daga ƙasa a kashe daga sama. Kowa ya duƙufa, sai yaro ɗaya da ya tsaya hannu a aljihu. Yaro ne mai kai, duk ajin babu mai kama lissafi kamarsa. Na ce, "Kai, ina filayarka?" Ya ce, "Malam, ni fa INTP ne. Irinmu tunani muke yi, aikin hannu ba namu ba ne." Ba raini a muryarsa, har zuciyarsa ya faɗa. A wayar yayansa ya amsa wasu tambayoyi a intanet, aka ba shi haruffa huɗu, shi ke nan ya yanke wa kansa hukunci.

Na san inda haruffan suka samo asali, domin na haɗu da su lokacin da na koma karatun koyarwa. Kuma tun wancan lokacin ba na tuna su sai na tuna wani yaro da na yi asararsa da hannuna.

Fiye da shekara goma ke nan, ina da yara biyu a shago. Wata rana wani dattijo mai rijiyar burtsatse, wanda ke sayar wa 'yan ga-ruwa ruwa a Tudun Wada, ya kawo injinsa, karo na uku yana ƙonewa. Babban yaron ya tsuguna, ya kai hancinsa bakin injin ya shaƙa, ya juya ƙarfen tsakiya da yatsu a hankali yana kasa kunne. Ya ce, "Oga, boris ɗin baya ya fara ci, kwayil kuma ya ƙone." Haka yake. Idan zai warware tsohon naɗi, zagaye ɗai-ɗai yake ƙirgawa, ya rubuta a jikin kwali, ya murza wayar tsakanin yatsunsa ya faɗa maka lambar kaurinta kafin ka ɗauko ma'auni.

Ƙaramin ko taɓa injin bai yi ba. Dattijon yake kallo. Sai ya ce, "Baba, da wane lokaci kuka fi kunna shi? Daga mita zuwa bakin rijiya akwai nisa?" Dattijo ya ce da magariba suke kunnawa, kuma akwai 'yar tazara. Yaro ya juyo ya ce mini, "Oga, ko mun naɗa zai dawo. Laifin ba na injin ba ne." Na ce ta yaya ka sani? Ya yi shiru, can ya ce, "Haka dai na gani." Raina ya ɓaci, ga mai kaya a tsaye. Na ce masa bokanci muke yi a nan? Ɗauki tsintsiya.

Muka naɗa, muka shafa banish, muka gasa, muka sa sabon boris. Bai yi wata biyu ba ya dawo a ƙone. Wannan karon na hau babur na je gidan da kaina. Siririyar waya aka ja mai tsawon gaske daga mita zuwa rijiya, ga shi da magariba kowa a unguwa ya kunna kayansa, wuta ta yi ƙasa. Injin da wuta ba ta cika masa ba, alhali yana ɗauke da nauyinsa, ƙarin wuta yake zuƙa, ya yi zafi, rufin wayar ya narke. Abin da yaron ya hango ke nan daga tambaya biyu. Ban koma na ce masa ya yi gaskiya ba. Abin da nake gani a wurinsa kullum shi ne ba ya iya riƙe ƙirga: ya kai zagaye sittin da wani abu, hankalinsa ya tafi, a sake daga farko. Na kira shi malalaci, na kira shi daƙiƙi. Bayan shekara ɗaya ya daina zuwa, na ji ya koma tuƙa Keke.

Sai daga baya, a aji, na ji sunan Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya rayu daga 1875 zuwa 1961. A 1921 ya fitar da littafi a kan rabe-raben halin mutane. Abin da ya ce, idan aka sauke masa manyan kalmomi, mai sauƙi ne. Hankali yana da aiki iri biyu: ɗaukar bayani, da yanke hukunci a kansa. Wajen ɗaukar bayani akwai ƙofa biyu. Ɗaya ita ce ta gaɓoɓi: abin da ido ya gani, kunne ya ji, hannu ya taɓa, abin da ke nan a gabanka yanzu. Ɗayar ita ce tsinkaye: mutum ya haɗa ƙananan alamu ba tare da ya san ya haɗa ba, amsa ta faɗo masa gaba ɗaya, ka tambaye shi hanyar da ya bi ya rasa ta cewa. Ina zaune a kujerar ɗalibi, malama tana bayani, ni kuwa yarana biyu nake gani tsugune a gaban injin dattijon nan. "Haka dai na gani" ba rashin kunya ba ce. Iyakar abin da zai iya faɗa ke nan a shekarunsa. Aikina ne in zaunar da shi in ce mu bi sawun amsar nan baya-baya har mu ga inda ta fito, in ba shi mita ya je ya auna ya tabbatar. Tsintsiya na ba shi.

Wajen yanke hukunci ma hanya biyu ce. Wani yana auna abu da ƙa'ida da dalili: kaza ya jawo kaza, wannan daidai ne, wancan kuskure. Wani kuma yana auna shi da daraja: me wannan abu yake nufi ga mutane, ya dace ko bai dace ba. Mutane da yawa suna ɗauka na biyun son zuciya ne ko saurin kuka, amma Jung ya lissafa shi cikin aikin hankali sosai, daidai da na farkon. Duk mai shago ya san wannan awo biyu. Bazawara mai marayu ta kawo injin markaɗen da take ci da shi, ka san kuɗin wayar da zai ci, ka kuma san abin da ke ɗaure a bakin zanenta. Wani lissafin ne ke fara zuwa masa, wani fuskar matar. Dukansu suna iya kaiwa ga farashi ɗaya, amma ba ta hanya ɗaya suka bi ba.

Waɗannan huɗun, in ji shi, kowannensu yana iya fuskantar waje, wajen mutane da abubuwa, ko ya fuskanci ciki, wajen abin da mutum ke juyawa a ransa. Huɗu sau biyu, takwas. Kowa yana da dukansu huɗun, sai dai akwai wanda ya fi jin daɗin aiki da shi har ya zama jagora, kishiyarsa kuma ta zauna a baya ba ta samu horo ba. Wannan na bayan ne ya fi ba ni mamaki, domin na gan shi a babban yarona. Da aka fara kawo mana inbata ta sola, abin da hannunsa bai saba da shi ba, sai gwanin nan ya rikice. Ya riƙa cewa sana'ar ta mutu, nan da shekara biyu duk bara za mu yi. Mutumin da bai taɓa hasashe ba, ranar da ya fara sai ya hango baƙi kawai. Da na buɗe inbata ɗaya na ajiye masa, na ce taɓa, ga taransifoma irin wadda ka sani, ga fiyus, ga fanka, a nan hankalinsa ya kwanta. Yau yana da shagonsa a Pantami.

To, haruffa huɗun da ɗalibina ya riƙe ba Jung ne ya yi su ba. Wata Ba'amurkiya ce, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers, suka ɗauki ra'ayinsa suka mayar da shi takardar tambayoyi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, littafin jagorarta kuma ya fito a 1962. Kowane harafi awo ɗaya ne: uku na Jung ne, wato fuskantar waje ko ciki, ƙofar ɗaukar bayani, da hanyar yanke hukunci. Su suka ƙara awo na huɗu, wato ko mutum mai son a tsara a rufe magana ne ko mai son a bar ƙofa a buɗe, da haka nau'o'in suka zama 16. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nuna raunin wannan gwaji. Yana raba mutane gida biyu a kowane awo, alhali yawancin mutane a tsakiya suke, kamar yadda yawancinmu ba dogaye ba ne ba gajeru ba. Wanda ya ɗan karkata kaɗan sai a ba shi harafi ɗaya da wanda ya kai ƙarshe. Shi ya sa mutane da yawa idan suka sake gwajin bayan 'yan makonni sai wani harafi ya canza. Ni kaina na yi sau biyu, harafi na uku bai zo iri ɗaya ba. Masu bincike a jami'o'i sun fi aiki da wani awo mai halaye biyar, wanda ke nuna inda mutum ya tsaya tsakanin kaɗan da yawa, ba ya jefa shi a akwati. Hatta masu kula da gwajin Myers da Briggs sun ce bai dace a yi amfani da shi wajen tantance wanda za a ɗauka aiki ba. Shi kansa Jung, a wata hira da aka yi da shi a ƙarshen rayuwarsa, ya ce babu mutumin da yake mai fuskantar waje zalla ko mai fuskantar ciki zalla, da akwai shi da yana gidan mahaukata.

Don haka ban ɗauki waɗannan rabe-rabe a matsayin gaskiyar da aka auna aka tabbatar ba. Na ɗauke su a matsayin tabarau, kuma sun yi mini amfani: sun sa na daina zaton duk yaron da bai koyi abu ta hanyar da na koya ba, kansa ne babu komai. Mu a nan mun fi yaba yaro mai saurin amsa, mai kazar-kazar, wanda kafin ka rufe baki ya miƙe. Mai shiru, mai juya magana a ciki kafin ya furta, sai mu ce sanyinsa ya yi yawa. Alhali ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais cewa yana da halaye biyu da Allah yake so, haƙuri da natsuwa. Mun san hadisin, muna karantar da shi, amma a aji da shago gaggawa muke saka wa.

Roƙona ga masu sana'a shi ne, idan yaro ya faɗi abin da bai iya kare shi ba, kada a kore shi, a ba shi abin awo a ce je ka gwada. Idan kuma yaro ba ya gane zane a allo sai ya riƙe abin a hannu, a miƙa masa ya riƙe, sannan a dawo da shi kan allon, domin wata rana za a kawo masa abin da bai taɓa riƙewa ba. Ga matasa kuma masu liƙa haruffa huɗu a WhatsApp, har na ji ana tambayar saurayi nasa kafin a saurare shi: abin da takardar ta ce ka fi ƙarfi a kai, wataƙila haka ne, amma ɓangaren da ta ce ba naka ba ne, shi ya fi buƙatar ka zauna a kansa. Bahago ma yana koyon cin tuwo da hannun dama, bai kuma daina zama bahago ba.

Ɗalibin nawa ban yi masa faɗa ba. Na ce ya zana mini yadda wutar za ta bi tsakanin makunnan biyu. Cikin minti uku ya zana, babu kuskure, har ya ƙara da yadda za a sa na uku a tsakiya, abin da ban koya musu ba tukuna. Na ce madalla, yanzu haɗa abin da ka zana. Ya fere waya ta farko ya gutsure rabin silin da ke ciki, ta biyu ma haka. Gumi ya keto masa. Ƙwan bai kama ba har aka tashi. Na ce ya same ni a shago ranar Asabar bayan la'asar, da izinin mahaifinsa. Ya zo. Na ajiye masa tsohuwar fankar sama, na ba shi kwali da biro, na ce warware, kana ƙirgawa. Sau biyu ƙirgar tana ɓace masa, na ce ba komai, ɗora alama duk zagaye ashirin. Asabar mai zuwa zai fara naɗawa.

Wancan ƙaramin yaron na shago kuwa har yanzu ina duba fuskar masu Keke idan na bi ta Jekadafari. Ina riƙe da maganar da ya kamata in faɗa masa tun ranar da na dawo daga gidan dattijon nan.

Wassalam.

Naku,
Malamin aikin lantarki,
Gombe.