Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Tsaron Ghana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni malamin makaranta ne a Nima, nan Akra. Irin yaran da nake koyarwa su ne suka yi dafifi a filin wasa na El-Wak a Nuwamban 2025 neman shiga soja, inda turmutsutsu ya ci rayuka shida. Allah ya jiƙansu. Kada yawan taron ya sa a zaci son kaki ne ya tara su. Yawancinsu zaman kashe wando ne ya koro su.

Mu mutanen Zango ba baƙi ba ne a bariki. Da Hausawa Turawa suka kafa rundunar Gold Coast, wato Ghana ta zamanin mulkin mallaka, a 1879. Kakanninmu albashi da ɗaki da fansho sun wadatar da su. Jikokinsu kuwa tambayarsu daban: ranar da na tuɓe kaki, wace sana'a ce a hannuna?

Ka leƙa Circle, dandalin masu sayar da salula da gyaranta a nan Akra, da rana. Za ka ga yaro a ƙarƙashin lema, madubin ƙara gani a ido, yana liƙa waya mai kaurin gashi a cikin salula, minti kaɗan ta farfaɗo. Wajen maigida ya koya, ba shi da takardar ko wace makaranta ta sana'a, don haka tun wajen cike fom ɗin shiga soja a intanet ake tace shi. Alhali rundunar da ke sa ido kan iyakarmu da Burkina Faso irin hannunsa take nema wajen jirage marasa matuƙa da na'urorin sadarwa. A buɗe masa ƙofar gwajin hannu, a ajiye masa kayan aiki a gani.

Wanda kuma ya shiga, ko injiniyoyin soja na Teshie ne suka horar da shi ko Asibitin Soja na 37, a ba shi shaidar da hukumar CTVET mai kula da ilimin sana'a ta amince da ita, wadda kamfani zai karɓa ba gardama. Abin takaici ne mutum ya je aikin wanzar da zaman lafiya a Labanan, ya dawo, ya yi ritaya, ya ƙare a gadin ƙofar banki.

A kuma samar da kwantiragi na 'yan shekaru. Yaron da ke tsoron ɗaure kansa har furfura zai sa hannu in ya san ranar fita. Ku aiko hafsoshi makarantunmu na Nima da Mamobi su yi wa yara wannan bayani baki da baki, kafin lokacin sayen fom ya zagayo.

Naka mai biyayya,
Wani malami daga Nima