Abin da na gani a zauren Al Safwa, da abin da na tarar a gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun dawowata daga Umra. Ni tsohuwar malamar firamare ce, shekara 33 ina riƙe da alli, kuma ban taɓa sanin jirgin sama yana da gaba da baya ba sai bana, da babban ɗana ya ce saboda ciwon gwiwata ba zan zauna a matse ba, ya yanka mini tikitin kujerun gaba. Na yi masa faɗa kan ɓarnar kuɗi. Ya ce, "Umma, ki yi mini addu'a kawai."

A hanyar dawowa mun taso daga Jidda muka sauka Doha, inda za mu jira kusan awa bakwai kafin doguwar tafiyar gida. Ashe a gajerun tafiye-tafiye irin na Jidda zuwa Doha, kamfanin Qatar Airways ajin farko yake kiran kujerun gaba. Da ganin tikitina wata yarinya mai fara'a ta nuna mini matakalar lantarki, ta ce in hau zauren Al Safwa, wurin hutun fasinjojin ajin farko. Aminiyata kuwa, wadda muka yi ɗawafi hannu cikin hannu, tikitinta na gama-gari ne. Muka rabu a gindin wata ƙatuwar 'yar tsana ruwan ɗorawa mai fitila a ka da ke tsakiyar filin jirgin, tana yi mini tsiya wai in gaishe mata da sarakuna.

Shiru ne ya fara tarbata. Rufin can sama kamar na babban masallaci, bangon dutse mai launin yashi, ga ruwa yana gangarowa daga sama cikin wani faffaɗan tafki a hankali, ba ya ko fantsama. An buɗe wurin a 2015, kuma an kwaikwayi ginin gidan tarihin fasahar Musulunci na Doha, har da kayan tarihi na gaske a cikin gilashi. Ba mai kiran jirgi da lasifika, ba mai jan akwati a guje. Ƙarar sandata a kan daɓe ita ce ta fi komai ƙarfi, har na riƙa ɗaga ta don kunya.

Abinci ba a layi ake ɗiba ba. Zama za ka yi a kawo maka takarda ka zaɓa. Na kasa gane rabin sunayen, na ce a ba ni shinkafa da naman rago da shayi. Yaron da ya kawo ya shimfiɗa mini farin ƙyalle a cinya, ya jera cokula har uku. Na ɗauki ɗaya na roƙi sauran gafara. Akwai masu shan abin da ba na sha a can gefe, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Daga nan aka ba ni ɗaki mai gado da banɗaki da tawul, kyauta, na awoyi. Na yi wanka da ruwan ɗumi, na yi sallah, na miƙe ƙafar nan da ta kumbura tun Safa da Marwa. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi.

Amma barci ya ƙi zuwa, don ina ta tunanin baiwar Allah da na bari a ƙasa. Na zaci zan same ta zaune kan akwati ta rafka tagumi. Na sauko da dabino a gefen mayafi ina shirin ba ta haƙuri. Sai na tarar da ita ta miƙe a kan doguwar kujera a ɗakin hutun mata, wayarta na caji, ta yi alwala a wuri mai tsabta, ta yi sallah a masallacin mata, ta cika gorarta da ruwan sha, duk ba ta biya ko sisi ba. Ta ce, "Ke Hajiya, me kika ci da ban ci ba, ban da cokali uku?"

Wannan maganar tata ce ta sa na ɗauki biro. Ni ba na jin haushin mai kuɗi ya sayi gado da shiru. Allah bai yi yatsu daidai ba. A Doha mai kuɗi ƙari ya saya, amma talaka bai rasa mutuncinsa ba. Kwana biyu bayan saukarmu na bi jirgin cikin gida daga wani filin jirginmu da ba zan kama suna ba. Aka ɗaga tashi har sau uku, ba wanda ya fito ya yi bayani. Famfon wurin alwala ƙaf. Wani dattijo ya sayi ruwan roba ya tsuguna a bakin ƙofa yana wanke ƙafa, matafiya na tsallake shi. Kujerun da ke akwai sun cika, mai goyo tana tsaye, soket ɗaya mutum shida sun yi masa rumfa. Ana cikin haka sai ga jiniya, aka wuce da wani babba ta wata ƙofa ta gefe zuwa ɗakin manya, mai ɗaukar masa jaka a gaba, mai riƙe masa waya a baya. Bai ga dattijon ba. Ba zai taɓa ganinsa ba, don an tsara hanyar ne yadda ba za su haɗu ba. Wanda bai taɓa murɗa famfon nan ya ji iska ba, yaushe zai sa a gyara shi?

Na tuna a 2016 gwamnatin tarayya ta hana jami'anta tafiya a ajin farko da kuɗin jama'a, a 2024 kuma aka ce manya ma su riƙa biyan kuɗin shiga filin jirgi kamar kowa. Madalla. To a ƙara mataki ɗaya: duk mai riƙe da muƙamin da ya shafi sufurin sama, ya riƙa bi ta zauren kowa da kowa, ya shiga banɗakin da muke shiga, ko sau ɗaya a wata. A cikin kowane tikiti ana cirar kuɗin hidimar fasinja. Mun biya, ba sadaka muke roƙo ba. Ruwa a famfo, wurin zama, wurin sallah na mata mai labule, da mutum ɗaya da zai fito ya ce jirgi ya makara saboda kaza. Tafkin Al Safwa su riƙe abinsu.

Wata mai zuwa zan je sunan jikata a Legas. Na riga na sa ƙaramar butata a jakar hannu.

Taku,
Tsohuwar malamar firamare,
Tudun Wada, Zariya.