Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ke sayar da shirin rage ƙiba a Damagaram

Zuwa ga shugaban kamfani da wakilansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a matsayina na malamar makaranta kuma uwar adashen wasu mata a unguwar Birni, waɗanda da yawansu suka zuba kuɗinsu a shirinku na rage ƙiba. Na kai kuka ta lambar da ke jikin kwalinku ba a amsa ba, na yi wa wakiliyarku magana ta ce abin ya fi ƙarfinta, shi ya sa na kawo zancen bainar jama'a. Ban ambaci sunanku ba, domin kun san kanku, matan garin nan ma sun san ku.

Abin da ya jawo matanmu gare ku bidiyo ne da ya karaɗe WhatsApp da TikTok, inda wata fitacciyar 'yar wasan Hausa ke ɗaga tsohuwar rigarta tana nuna yadda ta yi mata yawa, tana rantsuwa cewa ita ma saye ta yi kamar kowa, kuma shayinku da jadawalin abincinku ne kaɗai suka mayar da ita haka. Da wannan shaida mata suka riƙa biyan jaka 25 na sefa a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin ma'aikaci yake jaka 42 tun daga 2024. Wasu kwasar adashensu suka kai muku ɗungurungum. Sai ga shi a wani taro da wakiliyarku ta kira a Sabon Gari domin neman masu sarin kaya, ta faɗa da bakinta, tana alfahari, cewa kada kowa ta ji tsoron zuba jari, ai Hajiya 'yar wasan ma da hannun jarinta a kamfanin, kuma duk kwalin da aka sayar tana da kaso. Ke nan masu saye an gaya musu magana ɗaya, masu sari an gaya musu wata.

Ba laifi ba ne mai suna ya zuba dukiyarsa a kasuwanci, kuma ba laifi ba ne a biya shi ladan talla. A Kasuwar Dole kowa ya san dillali yana da la'ada, saboda haka idan ya yabi kaya mai saye yakan auna yabon da nasa hankalin. Ƙorafina shi ne kun ɗauko dillaliya kun zaunar da ita a layin masu saye, kun hana mutane sanin abin da za su auna maganarta da shi.

Wannan salo ba ku kuka fara shi ba, kuma yadda ya kaya a inda aka faro shi sananne ne. A watan Oktoban 2015, Oprah Winfrey, mai gabatar da shirye-shiryen talabijin a Amurka, ta sayi kashi 10 cikin ɗari na kamfanin rage ƙiba na Weight Watchers a kan kimanin dala miliyan 43, ta shiga majalisar gudanarwarsa, ta kuma zama fuskar tallansa. A ranar da aka sanar, darajar hannun jarin kamfanin ta ninka, alhali ba a canza komai a shirin ba, sunanta kawai aka ƙara. Dole a yi mata adalci: ita ba ta ɓoye jarinta ba, duniya ta sani tun ranar farko, wanda hakan ya riga ya fi abin da kuka yi nesa ba kusa ba. Duk da haka, a watan Disamban 2023 ta bayyana cewa tana amfani da maganin rage ƙiba na likita, wato jikin da mutane ke kallo suna biyan kuɗin shiri ba shirin kaɗai ne ya gina shi ba. A watan Fabrairun 2024 aka sanar za ta bar majalisar gudanarwa, ta kuma ba da hannun jarinta kyauta ga gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke Washington, domin kada a ga tana da wata riba a maganar magungunan. A watan Mayun 2025 kamfanin, wanda aka kafa tun 1963, ya garzaya kotu neman kariya daga masu binsa bashin da ya haura dala biliyan ɗaya. Takwaransa Jenny Craig, wanda shi ma ya daɗe yana talla da taurari, ya rufe shagunansa tun 2023.

Idan mace mai wannan dukiya, wadda ke iya ɗaukar mai dafa mata abinci da mai horar da ita, ta buƙaci taimakon likita a ƙarshe, da wane dalili za ku sa matar da ke tuƙa tuwon mutum goma ta ɗauka gazawarta ce idan nauyinta ya dawo? Haka masu ba da shawararku suke gaya wa mata a rukunin WhatsApp, cewa ba su bi ƙa'ida ba, su ƙara sayen wata guda. Alhali masana sun daɗe da sanin cewa idan jiki ya rage nauyi da gaggawa, yakan rage ƙona abinci ya kuma ƙara yunwa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya bi mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a talabijin ɗin Amurka, ya tarar bayan shekara shida 13 daga cikinsu nauyin ya dawo musu, wasu har sun zarce inda suka faro.

Sai maganar shayin kansa, wadda ta fi tayar mini da hankali. Na zazzage ƙunshi guda a faranti na duba: garin ganye ne kore-kore, da 'yan ɓawon da duk wanda ya tashi a karkara zai gane na filasko ne. Iyayenmu sun san filasko, sukan sha shi sau ɗaya idan ciki ya ɗaure, ba safe da yamma wata guda cur ba. Abin da sikeli ke nunawa a satin farko yawancinsa ruwan jiki ne da gudawa ta kwashe. Ɗaya daga cikin matanmu, mai hawan jini, ta sanar da mai ba ta shawara cewa tana fama da murɗar ciki da jiri, aka amsa mata da cewa datti ne ke fita, ta daure. Cikin zafin bazara ta yanke jiki ta faɗi a madafa, sai da aka yi mata ƙarin ruwa a asibiti. Likitan ya nemi kwalin domin ya ga abin da ke ciki, bai tarar da jerin kayan haɗi ba, balle gargaɗi ga mai ciki ko mai shayarwa. Hoton 'yar wasan ne ya cinye gaban kwalin. Tambayar likitan tana da tushe, domin an sha gano sinadarin sibutramine ɓoye a irin waɗannan kaya a ƙasashe da dama, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ban ce yana cikin naku ba. Na ce mai shan abu yana da hakkin ya san me yake sha.

A wasu ƙasashe abin da kuke yi kotu yake kai mutum. A 2020 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta gurfanar da kamfanin shayi mai suna Teami bisa alkawuran lafiya marasa hujja da kuma biyan taurari ba tare da an bayyana wa masu kallo sarai ba, aka yanke masa dala miliyan 15.2, aka karɓi miliyan ɗaya gwargwadon ƙarfinsa. Faransa kuma tun watan Yunin 2023 ta wajabta wa masu talla a intanet su rubuta ƙarara cewa talla ce. Ko hannun hukuma bai kai gare ku ba tukuna, kun san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Ba ina cewa ƙiba ba matsala ba ce. Hawan jini da ciwon sukari suna cin mutanenmu, kuma a garin da jiya-jiya ake sayar wa 'yan mata ƙwayar sha-ka-fashe domin su yi jiki kafin biki, abin farin ciki ne a ce mata sun fara tunanin lafiyarsu. Wannan kyakkyawar niyya ce kuka mayar hanyar kwasar kuɗi.

Saboda haka ina neman ku fito fili, a shafukan da kuka yaɗa bidiyon, ku faɗi matsayin 'yar wasan nan a kamfaninku da abin da take samu, ta kuma bayyana ko akwai wani magani ko aikin likita da ta haɗa da shi. Ina neman ku rubuta kayan haɗin shayinku a jikin kwali da Hausa da Faransanci, ku kai samfurinsa ɗakin gwaje-gwaje na LANSPEX a Yamai ku buga sakamakon, ku kuma hana ma'aikatanku ba marasa lafiya shawarar da aikin likita ce. Matan da suka biya kuɗin watanni gaba sannan suka daina saboda rashin lafiya, a mayar musu da ragowar kuɗinsu, a kuma biya wa 'yar'uwarmu abin da ta kashe a asibiti. Takardun aika kuɗi da saƙonnin muryar ma'aikatanku duk suna hannuna. Idan wata ya kama ban ji daga gare ku ba, zan miƙa su ga ofishin kiwon lafiya na jihar Damagaram tare da ragowar kwalayen.

Wassalam. A huta lafiya.

Wata malama kuma uwar adashe,
Unguwar Birni, Damagaram