Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamar Da Ta Tambaye Ni Amfanin Ƙungiyar NUT

Assalamu alaikum, Malama.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da ɗalibanki. A taron malaman firamare da muka yi a Gwagwalada kwanan baya, kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni, a matsayina na wanda ya taɓa riƙe sakataren reshe, abin da ƙungiyar malamai ta NUT ta tsinana miki da har ake cire kuɗinta daga albashinki kowane wata tun kafin ya shigo hannunki, kuma ko doka ta ba ki damar ficewa. A ranar lokaci ya ƙure, an kira sallar la'asar, na ba ki amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba, shi ya sa na ga ya dace in amsa a rubuce, inda waɗanda suka tafa miki su ma za su gani.

Batun ficewa ba shi da wuya. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 kuma ya fayyace cewa shigar ganin dama ce, ba a tilasta wa ma'aikaci, ba a kuma muzguna masa don ya ƙi shiga ko ya fita. Idan kin janye a rubuce, ya kamata a daina taɓa albashinki. Duk wanda ya ce miki za a ƙwace miki lasisin koyarwa, tsorata ki kawai yake yi, domin lasisi na hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, ne, ba na ƙungiya ba.

Amma ni shawarata, 'yata, kada ki fita.

An kafa NUT a 1931, Rabaran Ransome-Kuti ne shugabanta na farko, kuma tun daga wancan zamani da wuya ki nuna mini wani ƙari da malamin gwamnati ya samu ba tare da an kai ruwa rana ba. Alawus ɗin kashi 27.5 cikin ɗari da gwamnoni suka amince da shi a 2008 ya biyo bayan yajin aikin da malamai suka yi a faɗin ƙasa. Dokar 2022 da ta mayar da ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, ƙungiya ta daɗe tana bibiyarta kafin Shugaba Buhari ya sa mata hannu. Na kusa-kusa kuwa kin gani da idonki: an sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma malaman firamare na Abuja, waɗanda albashinsu ke hannun ƙananan hukumomi shida, wato AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, sai da suka rufe makarantu daga Maris zuwa Yulin 2025 kafin ministan Abuja, Nyesom Wike, ya shiga tsakani a fara biyan bashin ƙarin albashin da ba a ba su ba.

Na san abin da za ki ce, cewa ƙarin albashi idan ya zo ba ya tambayar wa ke da katin ƙungiya, kuma gaskiyarki ce. Wanda ya fita zai ci bulus. Abin da ba zai samu ba shi ne mai tsaya masa ranar da matsala ta zama tasa shi kaɗai. Lokacin da nake sakatare, an yi wata tantancewa aka jefa sunan wani dattijon malami cikin ma'aikatan bogi, saboda an rubuta sunan mahaifinsa iri biyu a takardunsa, alhali shekararsa ashirin da ɗoriya yana koyar da 'yan aji huɗu. Wata biyar bai ga ko sisi ba. Ya zo gidana da takardar ɗaukarsa aiki a cikin baƙar leda, ta yi ja don tsufa, an liƙe tsakiyarta da salatif, hannunsa yana rawa. Shi kaɗai ya yi ta zirga-zirga ana ce masa ya dawo jibi. Da muka je mu uku da takardar reshe da rajistar sa hannun malamai, aka ba mu kujera, aka buɗe fayil. Irin wannan aikin, da raka wanda aka ba takardar tuhuma, da bin ƙarin girman da ya maƙale, da kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa idan ta kama, shi ne kuɗin da ake cire miki ya kamata ya saya miki.

Na ce ya kamata, domin ba kullum yake sayen ba. Akwai shugabannin da ba a ganinsu sai lokacin zaɓe, akwai rassan da suke shekara ba su karanta wa mambobi lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita ba, kuma laifin wannan har da mu da muka gabata. Yajin aiki ma ba kyauta ba ne. Sashe na 43 na dokar sasanta rikicin ma'aikata ya ba gwamnati damar riƙe albashin kwanakin yaji, ga kuma 'ya'yan talakawa, domin a watannin nan na 2025 na ga yaran unguwarmu da ya kamata a ce suna aji suna tallar gyaɗa da ruwan leda a tasha, 'ya'yan masu hali kuwa motar makarantar kuɗi tana ɗaukarsu kowace safiya. Ban yarda a riƙa garajen shiga yaji ba, kuma masu ƙuri'a a cikin ƙungiya ne kaɗai suke iya taka wa shugabanni birki.

Saboda haka tambayar da kika yi mini, ki kai ta taron reshenku na gaba. Ki je da takardar albashinki ta wata uku, ki nuna abin da aka cire, ki nemi ma'aji ya karanta nawa ya tsaya a reshe, nawa ya wuce sama, kuma a sa buƙatarki cikin bayanin taro. Idan kina so, ki sanar da ni ranar, zan zo in zauna a baya.

Wassalam,
Tsohon malamin firamare,
Gwagwalada, Abuja.