Awa Ɗayan Nan Kafin Magariba

Manchesta, Ingila

Assalamu alaikum ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya. Ki durƙusa min gaban Inna ki gaishe ta.

Na ji saƙonki cewa za a sa yara lesin bayan Islamiyya. Don Allah ki sake shawara da babansu. Boko tun safe, Islamiyya har biyar. Awa ɗayan da ta rage kafin Magariba ta wasa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum yana guje-guje har ya yi gumi, ɗan shekara 1 zuwa 4 kuwa minti 180 na motsi a yini. A nan, cikin hunturu duhu kan yi tun ƙarfe huɗu, amma makarantun reno sukan sa wa yara rigar sanyi su fitar da su waje. Yashin da suke saya su zuba a tire, mu a tsakar gida yake.

Babban ya isa dara. A haƙa gurbi 30 a ƙasa, layi biyar, shida-shida. Kowa 'ya'ya 12, ɗaya tsinke, ɗaya dutse. Ba a jera uku lokacin zubi, sai an fara tafiya. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa ɗaya, jerin huɗu kuma ba ci ba ne. Kuskuren manya shi ne su tsaya a kan yaro suna nuna masa inda zai sa. Ki bari a cinye shi. Idan ya watsa gurbin don haushi, wasa ya tashi sai gobe, ba duka, ba zagi. Sau biyu ko uku zai koyi haɗiye fushi.

'Yan matan su yi carafke da gaɗa, amma a kirga duwatsun kafin a fara da bayan an gama, don auta bai kai uku ba, komai baki yake kaiwa. Motar kara ma sai da kula: ɓawon kara yana yanka kamar reza, babba ya fere, su kuma su soka a totuwa.

Waya: auta kada ya riƙe ta sam kafin ya cika biyu, daga nan zuwa huɗu kada ta wuce awa ɗaya a rana. Taki ma ki ajiye lokacin cin abinci, don abin da suka gani shi za su yi.

Tuwon dare a kwano ɗaya, babban ya raba nama, ya ɗauki nasa a ƙarshe. Bayan Isha'i a tura su ɗakin Inna tatsuniya, minti ashirin ya isa. In sun tsokane ta kada ki tsawata, wasan jika da kaka ne, ta nan suke sanin wanda ake wasa da shi da wanda ake jin kunyarsa. Ran Juma'a kuma a kai su gidan Kawu su haɗu da taubasansu.

Ki ɗauko min muryarsu suna "ga ta nan ga ta nanku" ki turo, ina jira ran Asabar.

Wassalam,
Yayarki