Ɗan uwan shuwaka da ke rayuwa a kan Kilimanjaro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu, musamman malaman kimiyya na makarantunmu na Zango, ga wani tsiro na nahiyarmu da ya cancanci a san shi. Masana suna kiransa Dendrosenecio, kuma a duniya kaf ba ya fitowa sai a manyan duwatsun gabashin Afirka, irin su Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895, da Dutsen Kenya, da Ruwenzori.

Dangi ɗaya yake da shuwakar da matanmu ke saye a kasuwar Kejetia, da tazargade, da latas. Alamar wannan dangi ita ce, abin da ido ke ɗauka fure guda, a haƙiƙa ƙananan furanni ne masu yawa da suka cunkushe a kai ɗaya, kuma nasa rawaya ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda Allah ya shirya shi domin muhallinsa. A can sama, wajen mita 4,000, rana tana ƙuna da tsaka, da dare kuwa ruwa yana daskarewa, kuma haka abin yake duk shekara. Kututturensa yakan ninka tsayin mutum, a samansa akwai curin ganye kamar kabeji. Idan dare ya yi sai ganyen ya naɗe ya rufe tohon da ke tsakiya, da hantsi ya sake buɗewa. Busassun ganyensa ba sa zuba, suna nan manne da kututture suna tare sanyi, shi ya sa idan wuta ta cinye su ko aka yaye su, sanyin dare na iya kashe shi. Yana kuma ajiye ruwa a cikin ɓargonsa domin safiyar da ƙasa ke daskare. Girmansa bai wuce 'yan santimita a shekara ba, saboda haka gobara guda tana iya share abin da ya ɗauki fiye da rayuwar mutum yana tasowa.

Gaskiya ne ba za mu gan shi a Ghana ba, domin Dutsen Afadjato ma, ɗaya daga cikin duwatsu mafi tsayi a ƙasarmu, bai kai mita 1,000 ba. Amma malami zai iya tsinko furen shuwaka ya ɓare shi a gaban ɗalibai, ya nuna musu hoton na Kilimanjaro, su gane dangantakar da idonsu. Ina roƙon ku buga hoton nasa tare da wannan wasiƙa domin malamai su samu abin nunawa.

Naku mai karatu,
daga Asawase, Kumasi